Yaushe za a gama, nawa aka kashe, wa za mu tambaya?

A Kano ba a rasa mai aiki ranar yanke ƙyalle. Idan za a buɗe gada ko titi kowa ya san na wane ne: hotonsa na jikin allo, sunansa na bakin maroƙa, magoya baya sun tare hanyar da aka zo buɗewa. Sai ranar da aikin ya tsaya, rodi ya fara tsatsa, ruwan sama ya kwanta a ramin da aka haƙa, sannan za ka nemi mai shi ka rasa. Ma'aikata ta ce laifin ɗan kwangila ne. Ɗan kwangila ya ce ba a sakar masa kuɗi ba. Jiha ta ce titin na tarayya ne, tarayya ta ce tana jiran rance daga Sin, gwamnati mai ci kuma ta ce a haka ta tarar da shi.

Musun da muke yi a majalisu da gidajen rediyo kan wane gwamna ya fi wani yawan gadoji ba ya rage wa kowa kuɗin mota. Tambayoyin da suka kamace mu uku ne kacal, kuma su ne ba mu cika yi ba: yaushe za a gama aikin nan, nawa aka kashe a kansa zuwa yau, kuma wane ne zai fito ya yi bayani idan ranar ta wuce ba a gama ba. Tunda ba ma yin su, ba wanda ya ga dole ya amsa.

A fara da jirgin ƙasa, don a nan ciwon ya fi fitowa fili. Layin dogo ya iso Kano daga Baro da ke gaɓar kogin Neja a 1911, 'yan shekaru kaɗan da fara shimfiɗa shi, a 1912 kuma aka haɗe shi da na Legas. Ba yabon Turawan mulkin mallaka nake yi ba. Da aikin tilas aka yi shi, kakanninmu ne suka riƙe diga da kwando, kuma don masaƙun Ingila aka yi shi ba don mu ba. Auduga suka zo nema, manoman ƙasar Kano suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, aka wayi gari da dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Reshen Nguru ya biyo baya a 1930. Ke nan garin nan ya san abin da jirgi ke yi wa kasuwa, da idonsa ya gani.

Daga baya jirgin ya yi ta ja da baya har ya kusa zama tarihi. A watan Disamban 2012 aka farfaɗo da zirga-zirga tsakanin Legas da Kano a kan tsohon layin, tafiyar da ta haura kilomita 1,100, mai cin fiye da awa 30 idan an yi sa'a. Aka yi murna, aka ɗauki hotuna. Tun daga nan abin ya zama yau a yi, gobe a dakatar, ba tare da fasinja ya san dalili ko ranar dawowa ba. Ɗan kasuwar Kwari ko Singa da ke jiran kaya daga tashar ruwan Legas ba ya sa jirgi a lissafinsa. Tirela yake biya, ya biya kuɗin shingaye a hanya, ya ɗora duka a kan atamfa da buhun sukari, mu kuma mu saya.

Da sabon layin Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016, aka ce wa Kanawa saura ku. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse, a hannun kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal, kan kuɗi kusan dala biliyan 2. A watan Yulin shekarar Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Zawaciki da kansa ya kafa harsashin layin Kano zuwa Kaduna, kilomita 203, wanda aka ba kamfanin CCECC na Sin. Gwamnatin ta sauka a watan Mayun 2023 ba a gama ko ɗaya ba. Ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, shi da bakinsa ya bayyana cewa rancen da ake sa rai daga Sin ya tsaya. Sai a farkon 2025 Bankin Raya Ƙasa na Sin ya sanar da sakin kimanin dala miliyan 254 don layin Kaduna. Wato an tara jama'a an yi bikin kafa harsashi alhali kuɗin aikin ba su zo hannu ba. Daga nan sai ɗage rana: kowane minista ya zo duba aiki da hular kwano a kai, ya ba 'yan jarida sabuwar shekara, a buga, a manta da wadda aka faɗa a bara.

Kuma jiran nan yana da tsada. Tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a watan Janairun 2023 an gina ta ne don kwantena ta zo har Kano a yi mata kwastan a nan. Amfaninta a jirgi yake. Muddin babu jirgin kaya da ɗan kasuwa zai dogara da jadawalinsa, rabin abin da aka yi ta dominsa yana kan takarda.

Hanyar mota ta Abuja zuwa Kano ita ma labarinta ke nan, sai dai ita lissafinta a bayyane yake. An ba Julius Berger kwangilar a ƙarshen 2017 kan kimanin naira biliyan 155, da alkawarin shekara uku. A 2021 kuɗin ya koma kimanin biliyan 797, aka ce an sauya aikin daga gyara zuwa sake ginawa gaba ɗaya. Wannan bayani ne mai ma'ana, kuma wanda ya bi tsakanin Kano da Zariya da Kaduna ya san an yi aiki mai kyau a wajen. To amma wa ya auna aikin tun farko har ya ɗauka faci zai wadatar? An tambaye shi? A ƙarshen 2024 ma'aikatar ayyuka ƙarƙashin David Umahi ta soke kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna bayan taƙaddama kan farashi. Hanyar Kano zuwa Maiduguri kuwa tun 2006, zamanin Obasanjo, aka ba da kwangilar mayar da ita tagwaye. Yaron da aka haifa shekarar ya isa yin lasisin tuƙi tuni.

Kada a ce duk laifin Abuja ne. A 2016 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta sanar da yarjejeniya da kamfanonin Sin ta dala biliyan 1.85 don gina jirgin cikin gari. An nuna zane, an yi jawabai. Gwamnatin ta cika wa'adinta ba a shimfiɗa ko taku ɗaya na layin ba, kuma ba a taɓa kiran taron manema labarai an ce wa jama'a ga inda maganar ta mutu, ga abin da aka kashe wajen zane da tafiye-tafiye ba. A da jihohi na iya fakewa da cewa harkar jirgi ta tarayya ce kaɗai. Wannan mafaka ta rushe a watan Maris na 2023, lokacin da aka gyara kundin tsarin mulki aka ba jihohi ikon shiga harkar. Yanzu duk gwamnan da ya ambaci jirgi a Kano sai a tambaye shi kuɗin daga ina, layin ta ina zai bi, gidajen wa za a rushe.

Mu dawo cikin gari, inda abin ya fi taɓa mu kullum. Cikin shekaru goma sha da suka wuce Kano ta koma garin gadoji. Kwankwaso ya yi ta Ƙofar Nasarawa da gadar ƙasa ta Kabuga, Ganduje ya yi ta Dangi da ta Hotoro da ta Ƙofar Ruwa, Abba Kabir Yusuf ya ɗauko ta Tal'udu da ta Ɗan'agundi. Ba zan ce ba su da amfani ba. Wanda ya san shataletalen Dangi da yamma kafin a yi gadar ba zai yi wannan musu ba. Abin da ban taɓa gani ba shi ne wata hukuma ta fito ta ce kafin gadar nan ma'aikaci na cin minti kaza daga Rijiyar Zaki zuwa Bata, yanzu yana cin kaza. Ba a auna kafin a fara, ba a auna bayan an gama, don haka ba mai iya cewa biliyoyin sun biya ko ba su biya ba. Sau da yawa gada kan ɗauke gosulo daga wannan mahaɗa ta sauke shi a ta gaba. Kuma mafi yawan mutanen garin nan ba su da mota. A ƙafa suke, ko a bayan ɗan sahu, ko a cushe cikin bas. Tsohuwar da za ta tsallaka daga wannan gefen titi zuwa wancan don zuwa asibiti, gadar sama ba ta rage mata komai ba, sai ma ta ƙara wa motocin gudu.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga kowane kasafi, ita ce ta mutanen da ke zaune a bakin aiki. Na tsaya a wani shagon kayan masarufi a gefen ɗaya daga cikin irin waɗannan ayyuka. An kafe langa-langa daga bakin ƙofarsa har ƙarshen layin, ba mai wucewa a titi da zai san akwai shago a wajen. Ƙura ta rufe gwangwanayen madara, sai ya goge da tsumma kafin ya miƙo. Firjinsa a kashe, don katafila ta tsinke wayar da ke kawo musu wuta. Ya ce min, "Yallaɓai, ni ba na ƙin aiki. Da ma sun ce min shekara ɗaya ne ko biyu, da na san ko in tashi ko in zauna. Mai shago kuwa kuɗin hayarsa bai ragu ba." Mai ƙosai da ke gefensa ta riga ta tashi, mai faci ma haka.

Bayan shagon kuma, lungun da a da yara ke buga ƙwallo ya zama babbar hanya, tunda nan aka karkatar da motoci ba tare da an zuba ko tifa ɗaya ta tsakuwa ba. Tifofi da 'yan sahu sun farfasa murafen kwata, ruwan kwatami na gudu a ƙofar gidaje. Samarin unguwa sun ɗauko ɓaraguzai suna cike ramuka, ɗaya riƙe da shebur, ɗaya da roba yana cewa a taimaka. Su ne hukumar gyaran hanya a wannan lungu, su ne kuma masu ba da hannu. Idan aka gama gadar aka yi biki, lungun zai zauna a haka, don ba ya cikin kwangila. Wannan ba ƙaddara ba ce. Rubuta shi ne ba a yi ba. Hanyar da za a karkatar da motoci, yayyafa ruwa don kashe ƙura, mayar da bututu da wayar da aka tsinke, gyara lungun bayan an tashi, duk abubuwa ne da ake iya sa wa ɗan kwangila a takarda a kuma riƙe masa kuɗi idan bai yi ba.

Titunan kilomita biyar-biyar da aka fara a ƙananan hukumomi 44 zamanin Kwankwaso sun nuna wani ɓangaren matsalar. Da mulki ya sauya a 2015 da yawansu suka tsaya a inda suke, wasu an haƙa magudanai an bari, har sai da wata gwamnatin ta sake waiwayarsu. Kowane ɓangare na da nasa bayanin, kuma kowane bayani na ɗora laifin a kan ɗayan. Mutumin Garko ko Tsanyawa da ya shekara da shekaru yana tsallaka rami don shiga gidansa bai ci ribar ko ɗaya daga bayanan ba. Kuɗin da aka fara aikin da su ba na jam'iyya ba ne, na jama'a ne, kuma aikin da aka bari rabi sai an biya kuɗinsa sau biyu.

Sai maganar abin hawa kansa. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, garin nan ya rataya a wuyan 'yan adaidaita sahu. Dalilin hanin a lokacin ba wanda zai raina shi. Amma an cire abu ba a sa wani tsari a madadinsa ba, kasuwa ce ta cike gurbin da kanta. Daga nan dangantakar gwamnati da 'yan sahu ta zama ta haraji da kame. A 2021 aka yi rigimar naira 100 ta kullum. A watan Janairun 2022 suka tafi yajin aiki kan kuɗin sabunta rajista da hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA ta sa, garin ya tsaya cak, mata da ɗalibai suka taka daga unguwa zuwa unguwa, wasu suka hau a-kori-kura. A watan Yulin shekarar aka hana su aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. A watan Nuwamba aka sanar da hana su bin wasu manyan tituna, aka ce motocin Kanawa Bus za su maye gurbinsu, jama'a suka yi ca, nan da nan aka janye. Dokar da za a kafa yau a janye gobe, ai ka san ba a zauna da kowa ba kafin a kafa ta, ba a kuma ƙirga motocin an gwada da yawan fasinja ba.

Ba wanke 'yan sahu nake yi ba. Akwai masu tsayawa a tsakiyar titi, akwai yaran da ba su isa tuƙi ba, akwai ɓata-gari da ke fakewa da sana'ar suna ƙwacen waya. Doka ta zama dole. Amma wanda ke karɓar kuɗi kullum daga hannun direban da ke neman balas ɗin mai mashin da kuɗin mai da na cefane, ya kamata a ƙarshen shekara ya ce ga abin da aka tara, ga tashar da aka gina da shi, ga wurin tsayawa da aka shata. Motocin bas da aka sayo da kuɗin jama'a kuma a ce guda nawa ke kan titi, guda nawa ke garejin gyara. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama abin da ke hana yaro zuwa makaranta da mara lafiya komawa asibiti. A irin wannan hali bas mai araha da ke zuwa a kan lokaci ta fi wa talaka gada uku.

Mu ma da namu. A Kano da wuya ka yi tambaya kan aikin gwamnati ba a ba ka jam'iyya ba. Ka ce yaushe za a gama gadar nan, a ce ɗan adawa ne. Ka ce ina aka kwana a maganar jirgin 2016, a ce ɗan ɗaya ɓangaren ne. Da daddare sojojin baka su hau rediyo, wannan ya wanke ubangidansa, wancan ya wanke nasa, a yi habaici, a yi dariya, a tashi ba wanda ya ambaci adadi ko rana. 'Yan siyasa sun gane haka sarai, shi ya sa ya fi musu sauƙi su sayi fili a rediyo da su fitar da takardar kwangila.

Wani zai ce ana yi wa gwamnati rashin adalci: naira ta faɗi, siminti da rodi da dizal sun ninka, ba ɗan kwangilar da zai iya riƙe farashin 2021 a yau. Gaskiya ne. Amma wannan hujja ce ta yin bayani, ba ta yin shiru ba. Magidancin da ya ba magini aikin ɗaki, idan siminti ya tashi, maginin kan zo ya ce Alhaji ga yadda kasuwa ta koma, ga abin da ya rage, ga ranar da zan miƙa maka mukulli. Ba ya ɓacewa wata shida sannan ya dawo da sabon lissafi. Abin da muke nema ke nan, ba ƙari. Idan an sake farashi a faɗa, a faɗi dalili, a faɗi wanda ya sa hannu.

Kuma doka na nan. Akwai dokar ba da kwangila ta tarayya ta 2007. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa duk ɗan ƙasar da ya rubuto yana neman takarda, a 2025 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta shafi jihohi. Ƙungiyar 'yan kasuwar Kwari, ko ta direbobi, ko ƙungiyar ci gaban wata unguwa da aka toshe wa hanya, kowacce na iya rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya ta nemi kwafin kwangila da jadawalin biyan kuɗi. Gidajen rediyonmu za su iya ajiye kundi: duk ranar da minista ko kwamishina ya ce za a gama aiki a wata kaza, a adana muryarsa, idan watan ya zo a sake sa ta a kira shi a waya.

Amma nauyin ya fi hawa kan waɗanda ake biya albashi don su yi tambayar. Kano na da 'yan majalisar jiha 40, 'yan majalisar wakilai 24, da sanatoci uku. Babu jihar da ta fi ta yawan kujeru a majalisar wakilai. Da waɗannan 24 za su haɗa baki su nemi ministan sufuri ya kawo jadawalin layin Kaduna da na Maraɗi a rubuce, tashar da za a sauke fasinja, da yadda za a haɗa ta da cikin gari, da ba a yi musu shiru ba. A majalisar jiha kuma, zaman kare kasafi bai kamata ya zama gaisuwa da shan shayi a bayan ƙofa ba. Kwamitin ayyuka ya zauna a fili, a sa a rediyo kai tsaye, a ɗauki ayyukan ɗaya bayan ɗaya: ranar da aka ba da shi, kuɗin farko, kuɗin yanzu, abin da aka biya, ranar miƙawa. A ba masu shaguna da masu unguwannin da aikin ya shafa kujera su ma su yi magana. Idan kwamishina ya ce jinkirin daga ɗan kwangila ne, a kira ɗan kwangilar ya zauna kusa da shi, a tambaye su tare.